Daga Zangon Ayari Zuwa Kantin Unguwa: Tarihin Cefane a Biranen Nijar

A kowace unguwa ta Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, akwai ɗan ɗaki mai ƙofa ɗaya a bakin titi inda jama'a ke cefanen yau da kullum. Wasu kan ce masa kanti, wasu butik, in kuwa ya ɗan yi girma har ya sami firijo da ƙofar gilashi, sai a rubuta masa alimantasiyon a kan allo. A cikinsa ana tarar da buhunan shinkafa daga Indiya da Tailan, da tumatirin gwangwani daga Sin, da sardin daga Maroko, da taliya daga Turkiyya ko Aljeriya, da madarar gari daga Turai, da ganyen shayi, da sukari, da jarkokin mai. A bakin ƙofarsa, ko dab da ita, akwai teburin kayan lambu: albasa, ɗanyen tumatir, tattasai, shu, karoti da salati. Uwargida ko ɗan aike kan tsaya a nan ɗan lokaci kaɗan, ya haɗa abincin rana daga nahiyoyi uku, ya biya da ƴan canji, ko kuma a rubuta masa a littafi sai ƙarshen wata.

Wannan ɗaki yana da tarihi, kuma tarihinsa ya girmi ginin da yake ciki. Abincin waje daɗaɗɗen baƙo ne a ƙasar Hausa, tun zamanin raƙumi da jaki yake zuwa. Abin da ya sauya cikin shekaru 150 da suka wuce shi ne matsayinsa a tukunya. A da kayan marmari ne na fada da gidajen attajirai, yau kuwa da shi talakan birni ke kwana. Tun da abin ya koma haka, duk wanda ke riƙe da hanyar da kayan ke biyowa, shi ke riƙe da murhun gidajen birni.

Kafin a san kanti

A ƙarni na 19 magidanci daga rumbunsa yake ci. Gero da dawa da wake suna gida, kuka da kuɓewa da yakuwa suna bayan gida ko a gona, daddawa kuwa maƙwabciya ke yi, yarinya ta kawo talla har zaure. Abin da ke kai mutum kasuwa ranar da take ci ɗan kaɗan ne: gishiri, kanwa, nama, man shanu, barkono. Amma ko a cikin wannan ɗan kaɗan akwai abin da ya yi tafiyar wata da watanni. Gishirin kantu daga Bilma da Fashi yake fitowa, ayarin Abzinawa ke ratsa Tenere da shi bayan damina, su sauko kudu su musanya shi da gero. Goro daga Gwanja fatake ke ɗauko shi a kan jakuna. Daga arewa kuma, ta Tarabulus da Gadamas da Gat da Agadas, ake kawo sukari da takarda da turare da kayan yaji.

Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa da Gazawa da Katsina ya shiga Kano a 1851, ya tarar da kayan Turai a kasuwa tun kafin Turawa su yi tunanin mulkin ƙasar. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Damagaram ta zama babbar mashigar wannan ciniki. Unguwar Zango da ke wajen ganuwar Birni ita ce masaukin ayari, kuma a can manyan attajirai irin su Malam Yaro suka kafa gidajensu a ƙarshen ƙarnin. Sai dai babu shagon da talaka zai shiga ya zaɓi abin da yake so. Baƙon ɗan kasuwa a gidan fatoma yake sauke kayansa, dillali ya nemo masa mai saye, a yi ciniki a zaure. Kuɗin da ake biya da shi ma baƙo ne, domin wuri daga tsibiran tekun Indiya ake kwaso shi.

Harshen Hausa ya adana shaidar wannan zamani fiye da kowane kundi. Albasa, alkama, sukari, shayi da lemo duk sunaye ne da suka fito daga Larabci, masara kuwa sunan ƙasar Masar take ɗauke da shi, alamar hanyar da ake jin ta biyo. Akwai kuma abin da ya fi haka ban mamaki. Barkono, tattasai, tumatir, gyaɗa, rogo, dankali da masarar kanta duk ƴan asalin nahiyar Amurka ne, ba su ƙetaro teku ba sai bayan 1492. Mangoro da zogale daga yankin Indiya suka zo. Ke nan miyar da ake kira ta gargajiya rabinta baƙi ne da suka zauna har suka zama ƴan gari. Bambancinsu da kayan gwangwani shi ne iri aka kawo, manomi ya shuka, daga nan ba a ƙara jiran ayari ba.

Kantin Bature da gyaɗa

Sojan Faransa sun kama Damagaram a 1899. Amma abin da ya karya ayarin hamada ya faru ne a ƙasar Ingilishi, lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911. Kayan da ke shafe watanni a kan raƙumi daga Tarabulus sai ga su suna isowa daga Ikko cikin kwanaki. Fuskar ciniki ta juya daga arewa zuwa kudu, kuma har yau ba ta koma ba. Da dogon ya kai Ƙaura Namoda a 1929 da Nguru a 1930, sai yankunan Maraɗi da Damagaram suka ƙara kusantar teku ta hanyar Nijeriya.

Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora lanho, ta ce da kuɗin Faransa za a biya. Manomi ba shi da hanyar samun wannan kuɗi sai ta noma abin da Bature ke saye, wato gyaɗa. A kan haka kamfanonin ciniki suka buɗe rassa a Maraɗi, Tasawa, Damagaram da Magarya: CFAO, wanda aka kafa a Marseille a 1887, da SCOA, da kamfanin CNF mai alaƙa da babban kamfanin Ingilishi na UAC. Tare da su akwai Kwarori, ƴan Labanan da Siriya, masu ƙananan shaguna. Kalmar kanti daga Ingilishi ta shigo ta Kano, butik kuma daga Faransanci, kowace da hanyar da ta biyo.

Kantin wancan zamani ƙofa biyu gare shi. A ɗaya ana auna gyaɗa a sikeli a ba manomi kuɗi. A ɗayar ana karɓe kuɗin a ba shi akoko, atamfa, fitila, kananzir, ashana, sabulu, kwanon sha, gishiri da sukari. Kamfani guda ke yanke farashin abin da yake saye da na abin da yake sayarwa, don haka duk inda aka juya ribar tasa ce. Da yake Bature ba zai iya bin ƙauyuka ba, sai ya riƙa ba amintattun ƴan ƙasa kuɗi da kaya bashi, su sayo masa gyaɗa, su sayar masa da haja. Su ma suna da yaransu, yaran suna da nasu yaran, har a kai ga mai tebur da ke sayar da sukari ƙwaya-ƙwaya a bakin kasuwa. Daga cikin waɗannan amintattu ne Alhazan Maraɗi suka taso, waɗanda masanin nan Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986. Wannan sarƙa ta bashi daga babba zuwa ƙarami ita ce ƙashin bayan kantin unguwa har yanzu.

Ambaliyar 1945 ta rushe tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, aka sake gina shi a kan tudu da tituna miƙaƙƙu da filin kasuwa, abin da ya ba kantuna wurin zama. A ƙarshen wannan shekara aka ƙirƙiro kuɗin sefa. Faransa ba ta jin daɗin ganin gyaɗar Nijar na bin dogon Ingilishi, don haka a 1953 ta ƙaddamar da shirin da ta kira Hirondelle: manyan motoci su kai gyaɗa Paraku, jirgin ƙasa ya ƙarasa da ita Kwatano, su kuma juyo da kayan kanti. Da aka gina gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a 1958, hanyar Kwatano mai tsawon fiye da kilomita 1000 ta zama maƙogwaron Yamai.

Zamanin Copro-Niger da kuɗin yuraniyom

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta nemi ta ƙwace ƙofofin nan biyu daga hannun kamfanonin waje. A 1962 ta kafa Sonara don cinikin gyaɗa, ta kafa Copro-Niger don shigo da kayan masarufi. An ba Copro ikon shigo da wasu muhimman kaya shi kaɗai, irin su sukari da gishiri da shayi da fulawa, da nufin mutumin Gure ko na Ngigimi ya saya a farashin da bai yi nisa da na Yamai ba. Manufar tana da kyau, amma kamfanin bai iya kai kaya kowane lungu da kansa ba, sai ya dogara ga manyan ƴan kasuwa masu lasisin sari. Da haka alhazai suka gaji gurbin da Bature ya bari.

An kuma yi ƙoƙarin sarrafa abin gida. A 1967 aka kafa kamfanin Riz du Niger don sussukar shinkafar bakin kogi, aka kafa Sotramil a Damagaram don mayar da gero gari da taliya. A Maraɗi masana'antar Siconiger na matse man gyaɗa. A wancan lokaci mai da ke kan kantar kanti daga gonar ƙasa yake fitowa.

Farin da ya fara a 1968 ya kai ƙololuwa a 1973 da 1974 ya rusa wannan lissafi. Gyaɗa ta faɗi, ba ta sake komawa matsayinta ba. Rumbuna suka ƙone, aka kafa OPVN a 1970 don kula da hatsi, abincin agaji ya riƙa shigowa daga Amurka da Turai, mutane da yawa suka fara ɗanɗana abincin da ba su taɓa nomawa ba. Yunwar na cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kountché ya hamɓarar da gwamnati ranar 15 ga Afrilu 1974.

Sai ga kuɗin yuraniyom. An fara haƙo shi a Arlit a 1971, a Akokan a 1978, farashinsa ya tashi, baitulmali ya cika. Ma'aikata suka yawaita, albashi ya zama abin dogaro, birane suka kumbura. Gidan ma'aikaci ya koyi karin kumallo da burodi da madara da kofi, ya koyi shinkafa da rana. A unguwar Plateau ta Yamai akwai manyan kantuna inda mai saye ke ɗaukar kaya da hannunsa, har da cuku da tuffa da jirgin sama ke kawowa daga Faransa, amma waɗannan na Turawa ne da manyan ma'aikata. Talaka yana kallonsu daga nesa, sai dai abin da ya gani a can shi ya fara nema a wurin mai teburin unguwarsu. Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnati ta shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni, aka soke keɓantaccen ikon Copro, daga baya kamfanin ya rushe, Sonara ma haka. Kuɗin ya tafi, amma ɗanɗanon da ya koya wa birni ya zauna.

Teburin kayan lambu

Rabin kantin da ke waje, wato teburin ɗanyen kaya, nasa tarihin dabam ne. Noman lambu tsoho ne a fadamun ƙasar Hausa da kwaruruwan Abzin, inda ake jan ruwa da jigo ko da dabba ana shuka albasa da alkama. Salati da shu da karoti kuwa daga lambun kwamandan suka fito, sunayensu na Faransanci sun isa shaida, kuma sun daɗe ana yi musu kallon abincin Nasara.

Farin 1984 ne ya fito da su kasuwa. A wannan shekara damina ta gaza, gwamnatin Nijeriya kuma ta rufe iyaka tun watan Afrilu, har mutanen kudancin Nijar suka raɗa wa yunwar suna El-Buhari. Gwamnatin Kountché ta mayar da noman rani aikin ƙasa: aka haƙa rijiyoyi, aka raba iri, aka tura jama'a fadamu. Wasu wuraren an watsar da su da damina ta dawo, amma da yawa sun ɗore, musamman da ƙananan injunan ban ruwa da man fetur mai arha suka riƙa shigowa daga Nijeriya. Yau kowane yanki da abin da aka san shi da shi. Albasa daga Galmi da kwarin Majiya da na Tarka, jan tattasai daga bakin Komadugu a Difa, dankalin Turawa daga Bonkuku da tsaunukan Abzin, lemo daga Timiya, rake daga Korama, tumatir da zogale daga Jiratawa kusa da Maraɗi, salati daga lambunan Mirriya da na bakin kogi a Yamai.

Albasa ce ta fi kowa nisan tafiya. Jar albasar Galmi na cika motoci zuwa Akara, Kumasi, Abijan, Lome da Kwatano, har ta shiga sahun manyan kayan da Nijar ke fitarwa. Sunanta ya yi daraja har wani kamfanin iri da ke Senegal ya nemi a yi masa rajistarsa a shekarun 2000, manoma da hukumomin Nijar suka ƙi yarda. A 2023 hukumar OAPI ta amince da albasar Galmi da kilishin Nijar a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasarsu. A nan Nijar ce mai sayarwa, kantunan unguwannin bakin teku ke jiran motarta.

Amma teburin lambu bawan yanayi ne. Daga Disamba zuwa Maris kaya kan yi yawa har kwandon tumatir ya rasa mai saye, ya ruɓe a bakin hanya. Da damina ta sauka sai ya yi wuya, a koma jiran na Nijeriya da Burkina da Benin. Dabarun ajiya na gargajiya suna nan: a shanya tumatir ya zama kauɗa, a daka ganyen albasa a yi gabu, a jera albasa a rudu a jira farashi. Sai dai ba su iya ɗaukar abin da ake nomawa yanzu. Don haka ake ganin abin takaici a ƙofar kanti ɗaya: ɗanyen tumatirin da aka noma kilomita 20 daga gari yana lalacewa a kan tebur, na gwangwani da ya ƙetaro teku daga Sin yana kan kanta shekara zagaye.

Karyewar sefa da ƙullin leda

Ranar 12 ga Janairu 1994 aka wayi gari darajar sefa ta ragu da rabi. Faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ke zuwa daga Turai ya yi tsalle, albashi kuwa yana inda yake, wani lokaci ma ba ya zuwa sai bayan watanni. Ƴan kasuwa suka juya wa Marseille da Bordeaux baya, suka nufi Kano da Ikko, daga baya Dubai da Gwanju da Istambul. Kantin da ake gani yau, mai kaya daga Asiya da Gabas ta Tsakiya da masana'antun Nijeriya, ɗan wannan juyi ne.

A lokacin ne kuma kantin ya ƙware a sana'ar da ta fi kowace riƙe shi, wato rarraba babba zuwa ƙanana. Buhun shinkafa mai kilo 50 ya koma tiya, tiya ta koma kofi. Jarkar mai ta koma ludayi, gwangwanin tumatir ya koma cokali a ƙullin leda, madara da sukari da ganyen shayi kowanne da ƙullinsa na dala biyar ko dala goma. Kamfanoni suka lura, suka fara yin ƙananan fakiti tun daga masana'anta. Mai sayen ƙulli yana biyan tsada fiye da mai sayen buhu in aka yi lissafin kilo, ya kuma san haka, amma wanda ke samun kuɗinsa kullum-kullum ba shi da zaɓi. Ga kuma littafin bashi. Mai kanti ya san ranar albashin kowane gida, ya san wanda ɗansa ke aiko kuɗi daga Libiya ko Abijan, ya san wanda za a ɗaga wa ƙafa. Shi ma bashi ya ɗauko daga mai sari a Katako ko Kasuwar Dole, mai sarin kuma daga babban mai shigo da kaya. Wannan amana ce ta hana manyan kantunan zamani cinye na unguwa, domin injin lissafi ba ya sanin maƙwabci.

Yawan jama'a ya ƙara wa abin ƙarfi. Nijar ba ta kai mutum miliyan 4 ba a 1960, ƙidayar 2012 ta ba da fiye da miliyan 17. Yamai da ke da kimanin mutum dubu 30 lokacin samun ƴanci ta haura miliyan ɗaya a wannan ƙidaya. A gidan haya mai ɗaki biyu babu rumbu, itace kuma saye ake yi. Gero na bukatar surfe da wanki da niƙa da tankaɗe kafin a ɗora tukunya, shinkafa da taliya kuwa cikin rabin sa'a sun nuna. Macen da ke fita aiki ko sana'a ta yi lissafinta, ta zaɓi abin da zai rage mata wahala. Shinkafar da ake nomawa a bakin kogi, duk da filayen da hukumar ONAHA ke kula da su tun 1978, ba ta kai rabin abin da ƙasar ke ci ba. Haka dunƙulen Maggi, wanda kamfanin ƙasar Suwis ya fara yi a 1908, ya shiga tukunyar da daddawar kalwa da daddawar batso ke mulki a da. Bai kore su ba, mata da yawa na haɗa su biyun, amma kuɗin da ke zuwa hannun mai daddawa a da yanzu wani ɓangarensa ƙetare yake tafiya.

Ranar da hanya ta toshe

Shekarar 2005 ta nuna yadda kanti ya zama maganar siyasa. Dokar kasafin kuɗi ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan madara, fulawa, sukari, ruwa da lantarki. Ranar 15 ga Maris dubban mutane suka fito a Yamai a ƙarƙashin gamayyar ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa, aka biyo da ranakun zaman gida inda kasuwanni da kantuna suka ƙi buɗewa a manyan birane. An kama shugabannin gamayyar, amma a watan Afrilu gwamnati ta janye akasarin harajin. Kayan da kakanni ke ɗauka na marmari sun zama abin da jama'a ke fita titi dominsa. Cikin watannin da suka biyo baya aka shiga matsalar abinci mai tsanani, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram, inda hatsi ke jibge a kasuwa amma farashinsa ya fi ƙarfin manomin da ya sayar da nasa da arha tun kaka. A 2008 kuma farashin shinkafa ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya, wasu ƙasashen Asiya suka taƙaita fitar da ita, mai kanti a Tawa ya ƙara kuɗin kofi saboda shawarar da aka yanke a Indiya.

Iyakoki ma sun yi nasu. Nijeriya ta rufe kan iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, cinikin Maraɗi da Ƙonni da Gaya ya tsaya cik. Mafi tsanani shi ne abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Ranar 30 ga watan ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe gadar Malanbil da iyakar Nijeriya, aka yanke wutar da ke zuwa daga can. Daruruwan motoci suka yi layi a Benin, kaya suka maƙale a tashar Kwatano, farashin shinkafa da mai ya hau, firijon kantuna ya mutu. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, amma hukumomin Nijar suka ci gaba da rufe tasu iyakar da Benin, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso cikin jerin gwanon motoci da rakiyar soja. Hanyar ta fi tsawo, ta fi haɗari, kuma kuɗin kowane kwanan da mota ta ƙara a hanya a kan ƙullin leda yake sauka. A waɗannan watanni abin da ya fi jure wa girgizar shi ne teburin da ke waje, domin albasa da tattasai da shu ba sa jiran jirgin ruwa, ko da yake manoman albasa su ma sun sha wuya da rashin hanyar fitar da tasu.

Abin da tarihin ya nuna

Daga ayarin Tarabulus zuwa dogon Kano, daga gadar Gaya zuwa hanyar Lome, sau uku babbar hanyar kayan waje na sauya wuri, kuma kusan kowane sauyi a wata fada ko wani ofis mai nisa aka yanke shi. Ƙasar da ba ta da teku ba za ta daina sayen kayan waje ba, kuma babu dalilin da zai sa ta daina. Shayi da goro da sukari sun daɗe da zama nata, mutanenta kuma ƴan kasuwa ne tun fil azal. Haɗarin yana wurin da abin saye ya zama tuwon dare, domin zanen aro ba ya rufe katara.

Tarihin ya kuma nuna inda giɓin yake. Manomi ya karɓi barkono da tumatir da shu ya mayar da su nasa, mai kanti ya gano yadda zai sayar wa mai dala biyar. Abin da ya ɓace shi ne na tsakiya: injin da zai mayar da gero abin da ke dahuwa da sauri, da ɗakin sanyin da zai riƙe tumatirin Fabrairu har Agusta, da matsar man da ta maye gurbin ta zamanin gyaɗa. An gwada wannan a 1967, fari da rashin kuɗi suka kashe shi. A ƴan shekarun nan ƙungiyoyin mata a Yamai da Maraɗi da Damagaram sun sake ɗauko aikin da ƙananan injuna, suna ƙulla garin kunu da dambun gero da busasshen zogale da garin tattasai a leda mai ɗauke da suna, suna kai wa masu kanti. Wurin da suka samu a kan kanta ɗan kaɗan ne tukuna, kusa da taliyar Turkiyya da tumatirin Sin. Faɗaɗarsa ta rataya ne a kan wutar lantarki, da bashin banki mai sauƙi, da harajin duwan, da kuma shawarar da uwargida za ta yanke gobe da safe in ta aiki yaro cefane.